Gigin tsufa: Ƙyallayen da tela ke zubarwa za su iya kwantar wa Kaka hankali

Idan a gidanku akwai tsohuwar da aka fara cewa "ai ta rikice", yau in ka koma gida ka ɗan ajiye waya ka kalli hannunta. Za ka ga ba ya zama wuri ɗaya. Ta kwance bakin zane ta ɗaure, ta sake kwancewa. Ta yi ta tsinkar tabarma har ta huda ta. Ta ninke ɗankwali sau goma, ta warware sau goma. In tsoho ne, ka ga yana jan zaren bakin riga, ko yana murza yatsu kamar mai ƙulla wani abu da kai ba ka gani. Mu kuma abin da muka iya bai wuce, "Haba Kaka, ki bari mana, za ki yaga!" Sai a fizge abin. Kafin minti biyar ta kama wani.

Aiki hannun nan yake nema. Shekara sittin yana tsintar shinkafa, yana ɓarar gyaɗa, yana saƙar faifai, yana gyaran raga a bakin ruwa, sai rana ɗaya aka ce ya zauna haka nan a kan cinya. Ina zai iya?

Masu jinyar tsofaffi a Ingila da Amurka da wasu ƙasashe sun daɗe da lura da wannan, shi ya sa suke ɗinka wani ɗan ƙaramin bargo da ake ɗorawa a cinya. A jikinsa akwai zik da za a zuge, aljihun da za a zura hannu, igiyoyin da za a ƙulla, yadi mai laushi kusa da mai kaushi. Sunan da suke kiransa da shi yana nufin bargon mutsu-mutsu. Mu kira shi bargon taɓe-taɓe, duk da cewa a zafin Yawuri kalmar bargo ma kanta tana sa gumi. Abu ne da kai da abokinka tela za ku iya gamawa a yini ɗaya da ƙyallayen da ake sharewa a zubar. Amma kafin a kai ga allura da zare, ya kamata ka san abin da ke damun Kaka.

Ciwo ne, yana da suna

Abin da muke kira gigin tsufa ko rikicin tsufa, likitoci suna kiransa dimenshiya, 'yan jarida kuma su ce cutar mantuwa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne suke lalacewa sannu a hankali. Tsufa kaɗai ba ya kawo shi, ai ka san dattawa 'yan shekara 90 da za su lissafa maka sarakunan Yawuri ba tare da sun yi tuntuɓe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane sama da miliyan 55 ne ke fama da shi, kowace shekara kusan miliyan 10 suke ƙaruwa, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe irin namu ne masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici. Mafi yawa, kashi 60 zuwa 70, nau'in da ake kira cutar Alzheimer ne, sunan wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, wanda ya bayyana ta a 1906. Wani nau'in kuma daga jijiyoyin jini yake zuwa, bayan hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki, kuma wannan kam kowa ya san ba baƙo ba ne a garuruwanmu.

Kar ka ce ciwon Turawa ne. Tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan da takwarorinsu na Indiyanafolis a Amurka suka fara bin tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama, suka samu sama da mutum 2 cikin kowane 100 a Ibadan suna da shi. A nan Arewa, wani bincike da aka yi a Zariya aka wallafa a 2011 ya duba tsofaffi sama da 300, ya samu kusan 3 cikin 100. Ka ƙirga dattawan unguwarku, ka ga ko lissafin bai faɗo kan wani gida da ka sani ba.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne yadda ciwon yake zaɓen abin da zai ci. A cutar Alzheimer, wurin da ya fara lalacewa shi ne ɗan sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon abu. Shi ya sa Kaka za ta ci tuwo, a ɗauke kwano, ta ce yau kwana biyu ba a ba ta abinci ba. Ba ƙarya take yi ba, kuma ba don ta kunyata surukarta ba ne. Cin tuwon ne bai shiga ma'ajiya ba. Amma abin da jiki ya koya da maimaici, irin tuƙa kwale-kwale, ƙulla raga, kaɗi, jan carbi, wasu sassa ne daban suke riƙe da shi, kuma su ciwon yakan daɗe bai kai gare su ba. Tsohon da ya manta sunan ɗansa na fari, ka miƙa masa igiya, ka ga ya yi maka ƙullin da kai ko da bidiyon YouTube ba za ka iya ba. A nan bargon taɓe-taɓe yake samun ƙofar shiga.

"Ku mayar da ni gida"

Akwai wata magana da mai wannan ciwo yakan yi a ko'ina a duniya: yana zaune a tsakar gidansa, ya ce a mayar da shi gida. A ƙasar Yawuri maganar tana da wani nauyi na daban.

An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Da ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya haɗiye gonaki da ƙauyuka da tsibirai, har da babban tsibirin Foge da tsohon garin Busa. Mutane wajen 44,000 aka tayar aka mayar sababbin matsugunai, cikinsu da Gungawa masu yawa waɗanda kakanninsu a gungu aka haife su, a gungu suke noman albasa. Yanzu yi lissafi. Wanda yake ɗan shekara 20 a 1968, yau ya doshi 80. Tunanin ƙuruciya da samartaka kuwa shi ne yake daɗewa bai goge ba. To idan Baba tsoho ya miƙe da la'asar ya ce zai tafi gida, mai yiwuwa gidan da yake nufi yana ƙarƙashin ruwa tun kafin a haifi babanka. Ka ce masa "ai nan ne gidanka" sau ɗari, ba zai gamsu ba, don a lissafinsa shi ke da gaskiya.

Haka batun harshe. Mai gigin tsufa yakan koma harshen da ya fara ji a bakin uwarsa. Tsohuwar da ta shekara hamsin tana Hausa sai ta wayi gari tana Gunganci, ko Kambarci in daga wajen Ngaski take, ko harshen Shangawa wanda yau ko a Shanga Hausa ta kusa cinye shi. Jikoki ba sa ji. Sai wani ya ce, "Kun ji fa, ta fara yaren aljanu." Daga nan sai hayaƙi da tofi, wani lokaci har a fara raɗe-raɗin maita a kan baiwar Allah da ba ta yi wa kowa komai ba. Nemo tsohuwar da ke jin harshen ta zauna da ita, ka sha mamakin hirar da za su yi.

Sai magariba. Da yawansu rikicin ya fi tashi daga la'asar sakaliya zuwa bayan faɗuwar rana. Tunda mun taso ana cewa a shigar da yara ɗaki da magariba saboda iskoki, ba ma tsayawa dogon tunani. Likitoci kuwa sun san wannan rikicin na yamma sarai: gajiyar yini ta taru, haske ya ragu, inuwa ta fara kama da mutum, agogon barci na jiki ya rikice. Ƙara da sabo. Wannan ne lokacin da take ɗora tukunyar tuwo ta kora awaki gida. Wannan ne lokacin da Basarke yake shiga jirgi ya je ya zuba raga. Jiki ya ce lokacin aiki ya yi, kai kuma ka ce a zauna.

Me aka gani game da amfaninsa?

Tunanin kwantar da hankali ta hanyar taɓawa da ji da ƙamshi ya samu gindin zama ne a ƙasar Holan a shekarun 1970, inda wasu ma'aikatan jinya biyu, Ad Verheul da Jan Hulsegge, suka shirya wa masu lalurar ƙwaƙwalwa ɗaki na musamman mai haske mai laushi da abubuwan taɓawa. Daga baya aka kai dabarar gidajen kula da tsofaffi. A asibitocin Ingila yau, masu saƙa 'yan sa-kai suna kai wani abu mai kama da hannun rigar sanyi, an ɗinka masa maɓallai da ƙulle-ƙulle ciki da waje, ana ba tsofaffin da ke yawan fizge robar ƙarin ruwa daga hannunsu. Hannun ya samu abin yi, allura ta zauna lafiya.

Kar wani ya sayar maka da shi a Facebook da sunan magani. Ba ya warkarwa, ba ya dawo da sunan da ya ɓace, ba ya tsayar da ciwon. Binciken da aka yi a kan irin waɗannan kayan ƙanana ne, sakamakonsu kuma ya bambanta: wasu tsofaffin suna natsuwa na ɗan lokaci, wasu ko kallo bai ishe su ba. Amma hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a jagoran da ta fitar a 2018, ta ce idan mai dimenshiya ya tayar da hankali a fara duba ko ciwo yake ji ko wani abu ke damunsa, a gwada hanyoyin da ba na ƙwaya ba, kafin a kai ga magunguna masu ƙarfi. Ni a ganina, rabin awa na natsuwa da magariba ba ƙaramin abu ba ne. Tambayi matar da take jinyar, wadda rabonta da ta yi sallar magariba ba tare da kunnenta na tsakar gida ba har ta manta.

Kafin ka je wurin tela, je wurin Gwaggo

Kuskuren da za ka yi shi ne ka shiga Pinterest ko TikTok, ka kwafo wanda aka ɗinka wa wata tsohuwa a Landan, mai 'yar tsanar kyanwa da igiyar takalmin makaranta, ka kawo wa Kaka a Yelwa. Me ya haɗa ta da kyanwar roba? Nata ya kamata ya fito daga rayuwarta ne.

Don haka aikin farko na baki ne. Ku da kuke da zauren WhatsApp na dangi da ba a komai a ciki sai tura katin biki da gardamar siyasa, ga amfaninsa ya zo. Tambayi Gwaggo da Kawu da Inna: me Kaka take yi tana budurwa? Me take sayarwa? Wane zane ta fi so? A ina take ɓoye kuɗi? Ka ce su turo da murya, ka adana. Za ka ji abubuwan da ba ka taɓa ji ba, kuma waɗanda suka san amsar su ma ba yara ba ne.

Daga nan sai shagon tela. Mako biyu kafin Sallah ƙyallaye har rasa inda za a zuba su ake yi, yawancin teloli kyauta za su ba ka, su ma gode maka da ka rage musu shara. Girman da ake so kamar santimita 50 zuwa 60 kowane gefe, daidai cinya, kar ya riƙa jan ƙasa. A yi shi ninki biyu. Saman ya zama yadin auduga mara nauyi mai launi ɗaya. Ƙasan kuma tsohon tawul mai tsabta ko guntun gwado, don kar ya riƙa zamewa. A guji leshi da yadin roba a jikin fata, zafinmu ba ya son su.

Batun launi ɗaya ɗin nan, kar ka raina shi. Ciwon yana taɓa yadda ƙwaƙwalwa take fassara abin da ido ya gani. Atamfa mai ɗigo-ɗigo ko zane mai cunkoso za ta iya zame mata kamar tururuwa ko ƙwari, ka ga tana ta kakkaɓewa cikin tsoro. A sa atamfar a ƙananan faci, kowane abu kuma launinsa ya fita daban da na shimfiɗar, ja a kan fari, ruwan ɗorawa a kan shuɗi, don idon da ya yi rauni ya iya rarrabewa. Abu shida zuwa takwas sun isa. In ka cika shi kamar teburin mai kayan koli, ruɗa ta za ka ƙara yi.

Yanzu abin da za a ɗora. In Baba masunci ne, samo guntun raga ta gaske, mai zare mai kauri da laushi, a ɗinke gefunanta huɗu, a bar wasu gajerun igiyoyi a kusa da ita don ya yi ta ƙulli yana kwancewa. Siririyar ragar roba mai kama da gashi tana yanka fatar tsoho, a bar ta. Ƙugiya da dalma kuwa ko kusa, ɗaya tana huda, ɗaya guba ce in ta shiga baki. In manomin albasa ne, guntun buhun albasa kaɗai, da kaushinsa da ramukansa, hannunsa zai gane shi kafin idonsa. In 'yar kasuwa ce da ta ƙare ƙuruciyarta tana sayar da bandar kifi a kasuwar Yelwa, yi mata aljihu mai babban zik, a yanka ƙyallaye daidai girman takardar kuɗi, a ɗinke gefe ɗaya a haɗe kamar littafi. Za ta ƙirga, ta mayar, ta zuge, ta sake buɗewa ta tabbatar ba a taɓa mata ba. A bar mata kuma dogon kunne ɗaya a kusurwa wanda za ta ƙulle kamar bakin zane, don nan ne bankin tsofaffin mata tun kafin a san POS. Mai kaɗi a ba ta tufkar zaren abawa. Mai saƙar faifai a ɗinka mata ɗan ƙaramin faifai, bayan an shafa an tabbatar ba tsinin kaba. Wadda ta taso da duwatsun ado a zura manya-manya cikin wani siririn aljihun raga a ɗinke bakinsa, ta yi ta tura su gaba da baya ba tare da sun fito ba.

Carbi yana cikin abubuwan da hannun tsofaffinmu ya fi sabawa da su, kuma da yawa suna natsuwa da shi. In za a sa, a sake zura shi a igiya mai ƙarfi, a ɗinke shi a jikin bargon ta wuri biyu ko uku. Amma kar a rubuta ayoyi ko sunayen Allah a jikin yadin, kar kuma a ɗinka laya a ciki. Abu ne da miya za ta zuba a kai, zai faɗi ƙasa, wata rana ma fitsari ya taɓa shi.

Ƙamshi ma yana da nasa aikin. Turara shi da turaren wutar da ta saba, ko a ɗan shafa man kaɗe a kusurwa. In ba ta nuna ta ji ba kar ka damu, jin ƙamshi yana cikin abubuwan da ciwon yake ragewa da wuri.

Ga gwajin da ba a tsallakewa. Idan an gama, kama kowane abu ka ja da ƙarfinka. Duk abin da ya ciro a hannunka zai ciro a nata, kuma daga hannu sai baki. Ƙananan maɓallai, wuri, tsakiya, fil, ƙarfe mai kaifi, duk a cire. Igiya kar ta wuce tsawon tafin hannu, don kar ta naɗe yatsa ko wuya. Madubi ma a bar shi, wasu ba sa gane fuskarsu, sai su ga baƙuwa tana leƙensu. Sannan ya zama abin da za a jefa a bokiti a wanke da sabulu a shanya. In da hali a ɗinka biyu, ɗaya na kan igiya ɗaya na cinya. Bayan kowane wanki a sake ja a gani.

Yadda za ka miƙa shi

Nan ne mutane suke ɓata rawarsu da tsalle. Ka zo ka ce, "Kaka ga abin wasa na kawo miki," ka gama da ita. Mantuwa ba ta cire girma. Matar da ta aurar da 'ya'ya tara ta san raini in ta ji shi, ko da ba ta san ranar mako ba. Zauna kusa da ita, daidai tsayinta, ka ɗora shi a cinyarka kai, ka fara taɓawa. Sai ka ce, "Kaka, taya ni kwance ƙullin nan, ya gagare ni." Ka ga yanzu ita ce mai taimako, kai ne mai nema. Ka kawo shi kafin lokacin da ta saba rikicewa, tun la'asar, a wuri mai haske, a rage ƙarar talabijin. In hankali ya riga ya tashi, ba ƙyallen da zai yi aiki.

A wannan fagen jika ya fi ɗa sa'a. Tsakanin ɗa da uwa akwai kunya da nauyi, ga baƙin cikin ganin ta koma haka. Kai kuwa al'ada ta ba ka lasisin zama kusa da ita, kai ne "miji", ƙanwarka ce "kishiya". Sai dai a sassauta wasan, don abin da da can take ramawa da dariya yanzu za ta iya ɗaukarsa da gaske. Kuma don Allah a daina yi mata jarrabawa. "Kaka wane ne ni? Kin gane ni? Faɗi sunana!" Ka tuna yadda kake ji in malami ya tsayar da kai a gaban aji ba ka san amsa ba. Gaya mata kawai: "Kaka, ni ne jikanki, na zo gaishe ki."

In ta ture shi, ɗauke, ka sake gwadawa jibi. In ta yi ta turewa, to ba nata ba ne, ba dole. Wasu ma aikin gaske ya fi musu: a ba ta tire ta tsinke zogale, ta ɓare gyaɗa, ta ninke wankakkun kaya, matuƙar ba ta kai matakin kai komai baki ba. Bargon ya fi amfani in ciwon ya yi nisa, ko a gadon asibiti, ko a doguwar tafiyar mota zuwa Birnin Kebbi. Kuma kar ya zama dalilin barinta ita kaɗai. Wanda ya ɗora mata shi ya tashi ya shiga ɗaki da waya awa uku bai yi jinya ba.

Abin da ƙyalle ba zai yi ba

Gigin tsufa a hankali yake shigowa, wata da watanni, shekara da shekaru. In tsohon da yake lafiya lau shekaranjiya ya rikice yau, ko wanda dama yake da ciwon ya ƙara birkicewa farat ɗaya, wannan maganar asibiti ce a ranar. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, faɗuwar sukari, duk suna rikita tsoho, kuma duk ana maganinsu ya dawo daidai. A fara da Babban Asibitin Yawuri. In ana buƙatar ƙwararrun ƙwaƙwalwa, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Zuwa Kware ba ya nufin an ce Kaka mahaukaciya ce, can ne masu ilmin abin suke.

A duba mata ido da kunne ma. Wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda ya ce in an magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na masu kamuwa, cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, shan taba, raunin ji, raunin gani, kaɗaici da buguwar kai. Wannan na ƙarshen naka ne, kai mai gudu a babur ba hular kwano.

Sai maganin barci na kyamis. Na san gajiya ce take sa a saya, wanda bai kwana uku a jere yana gadin ƙofa ba ba zai gane ba. Amma waɗannan ƙwayoyin suna ƙara wa tsoho ruɗewa, suna sa shi jiri ya faɗi, kuma karayar ƙugu a wannan shekarun sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Likita ne kaɗai zai ce a ba da wani abu, ya kuma faɗi nawa.

Wayarka kuma, ka san inda za ka nufa da ita. Ɗauki hoton bargon, nuna yadda kuka ɗinka, sa a shafinka ranar 21 ga Satumba da duniya take tunawa da masu cutar Alzheimer, wataƙila wani tela a Wara ko Zamare ya gani ya yi wa nasa tsohon. Amma fuskar Kaka tana surutai, tana kiran mijinta da ya rasu shekara talatin, wannan ba kayan neman mabiya ba ne. Ba za ta iya ba ka izini ba, kuma da tana cikin hayyacinta ka san amsar da za ta ba ka. Haka in ka ga an tara wa wata tsohuwa jama'a a kan titi ana cewa mayya ce ta faɗo, kafin ka danna ɗaukar bidiyo ka tambaya ko akwai wanda ya san gidansu. Sau da yawa fita ta yi neman gida ta ɓace.

Ɓatan nan shi ne abin da ya fi ban tsoro a garin da ke bakin ruwa. Tsohon da ƙafarsa ta saba da hanyar kwata, can za ta kai shi, ko da dare ne, ko da ruwa ya cika. Tun yanzu ku sanar da mai shayin bakin layi, da 'yan kabu-kabu, da masu jirgi, cewa in sun gan shi shi kaɗai su tsayar da shi da hira su kira ku. Tunda kuma kana wurin tela, ka ce ya yanko ƙananan fararen ƙyallaye, a rubuta sunan unguwa da lambar waya biyu da alƙalamin da ba ya wankewa, a ɗinka a cikin wuyan kowace riga da yake sawa da bakin kowane zane da take ɗaurawa. A jikin tufafi za a sa, don ranar da za ta fita, a kan tabarma za ta bar bargon.